Shekara biyu muka ɓata kafin mu kai shi asibiti

Abin ya fara ne da rediyo. Ƙanena, wanda muke kira Auta a gida, yana koyon gyaran waya a kasuwar Farm Centre, yaro mai surutu da son ƙwallo, shekararsa 21 a lokacin. Wata safiya Umma ta kunna rediyonta tana tankaɗe a tsakar gida, sai ya fito daga ɗaki ya kashe, ya zare batiran ya zuba a aljihu. Ta ce, "Kai Auta, lafiya?" Ya ce, "Umma, da ni suke. Ba ki ji sun faɗi kalar rigata ba?"

Daga nan ya daina fita kasuwa. Ya toshe kafar makullin ɗakinsa da tsumma. Ya daina cin abincin gida, sai burodi da ruwan leda da ya sayo da hannunsa, shi ma sai ya ɗaga ledar ya matsa ta ya duba ko an huda da allura. Cikin dare ina jin sa ta bango yana cewa, "Ku ƙyale ni, na ce ba zan yi ba," alhali shi kaɗai ne a ɗakin.

Kowa a dangi ya kawo fassararsa. Gwaggo ta ce jifa ne, abokan sana'a ne suka ga hannunsa ya fara faɗawa. Kawu ya ce ƙwaya ce, a matsa masa zai faɗi gaskiya. Umma ta ce iska ce, don an sha hana shi wanka da magariba. Babu wanda ya ambaci asibiti, har da ni da na yi boko, kuma na san dalili. Muna da ƙanne mata biyu da ba su yi aure ba, kuma a Kano kowa ya san abin da ake nufi idan aka ce "a kai shi Dawanau". Sunan wannan asibitin na masu taɓin hankali ya zama abin zolaya a bakin yara. Muka zaɓi rufin asiri, rufin asirin nan kuma ya ci wa Auta shekara biyu da wata huɗu na ƙuruciyarsa.

Abin da nake so in faɗa wa duk gidan da ke cikin irin halin da muka shiga shi ne: ku kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa tun a makonnin farko, ku ci gaba da addu'arku a lokaci guda, kuma idan ya samu sauƙi kada wani ya sa ku ajiye maganin. Jinkiri da yanke magani su ne suka fi kassara masu wannan ciwo a garin nan, fiye da ciwon kansa.

Sunan ciwon a wurin likitoci sikizofireniya. Wani likita ɗan ƙasar Suwizalan, Eugen Bleuler, shi ya raɗa masa sunan a 1908. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 24 ke ɗauke da shi, wato kamar mutum 1 cikin 300. Ka tsaya a masallacin Juma'a ka dubi sahu, ka yi lissafin da kanka. Yana kama mutum ne a daidai lokacin da ake sa ran ya fara tsayawa da ƙafarsa, daga ƙarshen shekarun balaga zuwa wajen shekara 30, kuma yakan riga bayyana a maza kafin mata. Akwai shi a Makka, akwai shi a Landan, akwai shi a ƙasashen da ba su taɓa jin kalmar sammu ba, kuma alamominsa iri ɗaya ne.

Alamar da kowa ya sani ita ce jin muryoyi. Ina so a fahimci cewa mai ciwon da gaske yake jin su, da kunnensa, kamar yadda kake jin kiran salla. Sai kuma kafewa a kan abin da babu shi: ana bin sa, an sa masa guba, talabijin na aiko masa da saƙo, an dasa masa wani abu a kai. Ba hujjar da za ka kawo ta girgiza shi. Na ɓata dare da yawa ina gardama da Auta, ina cin tuwon a gabansa don ya ga ba komai a ciki, sai ya ce ai ni an ba ni makari. Magana ma takan wargaje, ya kama wannan zance ya saki ya kama wani.

Amma akwai ɓangaren da ba a magana a kansa, kuma shi ya fi jawo wa marasa lafiyar nan tsana a cikin gida. Ciwon yana kashe kuzari. Mutum ya wuni a kwance yana kallon rufin ɗaki, wanka ya gagare shi, fuskarsa ta daina nuna murna ko baƙin ciki, a yi rasuwa a gida ka gan shi kamar ba a yi ba. Mu sai muka kira wannan lalaci da mutuwar zuciya. Sau nawa na tsaya a kansa ina cewa, "Sa'anninka suna can suna nema, kai kana nan kana barci." Wannan maganar tana cikin abubuwan da nake neman gafarar Allah a kansu har yau, domin daidai take da ka tsawata wa mai karaya don bai yi gudu ba.

Me ke kawo shi? Abubuwa ne ke haɗuwa. Akwai gado a ciki: wanda ɗaya daga iyayensa ke da ciwon, haɗarinsa ya kai kusan kashi 10 cikin 100, ma'ana kusan tara cikin goma na irin waɗannan 'ya'yan lafiya lau suke tashi. Ko tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya, idan ɗaya ya kamu, kusan rabin lokaci ɗayan yana tsira. Wahalar haihuwa da matsanancin tashin hankalin rayuwa suna ƙara haɗarin. Wiwi kuwa, musamman ga wanda ya fara ta da ƙananan shekaru yana sha da yawa, tana iya tayar da ciwon ga mai shirin kamuwa, kuma tana dagula shi ga wanda ya riga ya kamu. A cikin ƙwaƙwalwa, wani sinadari mai suna dofamin, wanda ke isar da saƙo tsakanin jijiyoyi, shi ke yin aiki fiye da kima a wasu sassa, sai abin da ba shi da muhimmanci, kamar kalar riga a bakin mai labarai, ya zama wa mutum babban al'amari da ya shafe shi. Auta bai taɓa shan komai ba. Kawu ya zarge shi a banza, kuma na san samari da yawa a unguwanninmu da aka yi wa wannan zalunci, aka ce 'yan ƙwaya ne alhali marasa lafiya ne.

Mun yi yawo. An yi ruƙiyya a gida, an yi a wajen gari. An sha rubutu, an yi hayaƙi har idanunsa suka kumbura, an sayi man zaitun da habbatus sauda da turaruka kala-kala. Umma ta sayar da ɗan kunnenta na gwal. Daga cikin malaman da muka je wurinsu akwai mutanen kirki, ɗaya ma bai karɓi ko sisi ba, ya ce mana a fili, "Wannan yaron ku gwada asibiti." Ba mu ji ba. Wani kuma ya ce aljanin taurin kai gare shi, sai an bar masa yaron. Muka bar shi wata uku.

Ranar da na je dubo shi ba tare da na sanar ba, na same shi a wani ɗaki mai duhu tare da wasu mutum shida, an sa masa mari a ƙafa, ƙarfen ya ci naman idon sawunsa har ƙuda na bi. Bayansa duk shatar bulala. Aka ce mini ba shi ake duka ba, aljanin ake duka. Ya ɗago kai ya dube ni ya ce, "Yaya, me na yi muku?" A daren na ɗauko shi a adaidaita sahu, kansa a kafaɗata, jikinsa na wari, bai ƙara cewa uffan ba har gida.

Ba mu kaɗai ba ne. A watan Satumban 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa, kuma a watannin da suka biyo baya an rufe irin waɗannan gidaje a wasu jihohin Arewa. A shekarar ce ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan yadda ake ɗaure masu taɓin hankali a sassan Najeriya, a wuraren masu maganin gargajiya da na addinai biyu, har da wasu cibiyoyin gwamnati. A watan Agustan 2020 nan Kano aka riƙa ceto mutanen da danginsu suka kulle a ɗaki shekara da shekaru. Duk muka yi Allah wadai da iyayen. Ni dai ban iya ɗaga murya sosai ba, domin na san ta hanyar da ake bi a kai ga wannan: kunya, gajiya, talauci, da rashin wanda zai ce maka akwai wata mafita.

Ban zo in yi jayayya da kowa kan samuwar aljanu ko sihiri ba. Musulmi ne ni, na yi imani da abin da Alƙur'ani ya tabbatar. Abin da nake tambaya shi ne, wa ya ba mu tabbacin cewa duk wanda ya ji murya aljani ne ya shafe shi? Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da wata cuta ba sai da ya saukar da maganinta, kuma ya umarce mu da neman magani. Ya ce an ɗauke alƙalami daga kan wanda hankalinsa ya gushe har sai ya dawo. Wanda Allah ya ɗauke wa hisabi, da wace hujja mu za mu ɗora masa bulala? Musulman farko ma ba haka suka yi ba. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a ƙarshen ƙarni na 13 yana da sashen masu taɓin hankali. Idan ɗanka ya karye, kana yi masa tofi kana kuma kai shi a ɗora. Ƙwaƙwalwa ma tsoka ce a cikin jiki, tana ciwo kamar yadda ƙoda da hanta ke yi.

Akwai wani dalilin kuma da ya sa ganin likita da wuri ya zama dole. Ba duk ruɗewa ce sikizofireniya ba. Zazzaɓi mai zafi yana kawo ta, farfaɗiya tana kawo ta, shaye-shaye na kawo ta, mace takan shiga irin wannan hali bayan haihuwa, kuma kowanne maganinsa daban. Babu gwajin jini da ke nuna sikizofireniya kai tsaye. Likita yana gane ta ne ta hanyar zama da mara lafiya da danginsa, ya ji yadda abin ya faro da tsawon lokacin da ya ɗauka, ya kuma kawar da sauran cututtukan. Bincike ya daɗe da nuna cewa gwargwadon daɗewar mutum cikin ciwon ba magani, gwargwadon wahalar dawowarsa daidai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Likitar da ta fara ganin Auta ta shafe kusan awa guda da mu. Ba ta yi wa Umma faɗa ba. Ta ce, "Mama, ku ci gaba da yi masa addu'a, ni ma ina yi wa marasa lafiyata. Amma wannan ƙwayar kullum da daddare, kada a tsallake." Umma ta ce, "Likita, zai warke kuwa?" Ta ce, "Zai samu sauƙi in sha Allah, amma sai kun yi haƙuri, ba aikin kwana uku ba ne." Haka kuwa aka yi. Barci ya fara dawowa a makon farko. Wajen mako na biyar, ranar wata Laraba, ya zauna a tabarma ya sa hannu a kwanon da nake ci. Umma ta shige ɗaki don kada ya ga hawayenta.

Magungunan nan ba sababbi ba ne. An fara amfani da kulofuromazin a Faransa a 1952, halofiridol ya biyo baya a ƙarshen shekarun 1950, daga baya aka samu irin su risferidon da olanzafin. Aikinsu rage tasirin dofamin ɗin nan. Ga wanda shan ƙwaya kullum ke yi wa wuya akwai allura mai daɗewa a jiki, ta mako biyu zuwa wata guda. Ga wanda aka gwada magani biyu bai ji sauƙi ba akwai kulozafin, sai dai yana buƙatar gwajin jini a kai a kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla mutum 1 cikin 3 na masu ciwon yana iya warkewa sarai. Wasu kuma suna rayuwa da shi kamar yadda mai hawan jini ke rayuwa da nasa, suna sana'a, suna aure.

Zan faɗi gaskiya kan illolinsu, domin ɓoye su ne ke sa mutane gudu. Kwana kaɗan da fara magani wuyan Auta ya ƙage gefe guda, idanunsa suka kafe sama, harshensa ya yi nauyi. Gwaggo ta ce, "Kun gani ko? Sun dawo, ba sa son maganin asibiti." Saura ƙiris mu zubar da maganin. Muka koma asibiti, aka yi masa allura ɗaya, kafin mu gama sallar la'asar wuyan ya saki. Illar maganin ce, sananniya, kuma tana da makari. Akwai rawar hannu, yawan barci, dalalar miyau, ƙiba, wasu magungunan ma suna iya tayar da ciwon suga, shi ya sa ake son a riƙa auna nauyi da jini. Duk wanda ya ga irin wannan ya koma wurin likita a rage ko a canza. Kada a je kemis a ce a ba da "na barci", kuma ƙwayar da ake bayarwa don sassauta ƙagewar jiki a adana ta da kyau, domin tana cikin waɗanda matasa ke sha don maye.

Kuskurenmu na biyu ya zo ne bayan shekara guda. Auta ya koma kasuwa, ya yi ƙiba, yana dariya. Sai 'yan uwa suka fara, "Ai ya warke, har yaushe zai ta shan ƙwaya kamar ɗan maye?" Kuɗin maganin ma ya fara yi mana nauyi. Muka bari ya daina. Wata biyar tsakani ya sake toshe kafar makulli, kuma wannan karon sai da aka ba shi gado, dawowarsa kuma ta fi ta farko daɗewa. Mafi yawan waɗanda suka yanke magani da kansu ciwon yana dawo musu cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Sauƙin da ake gani, maganin ne ke riƙe da shi. Likita ne kaɗai zai ce a rage, kuma a hankali ake yi.

Nan ne nake ganin haƙƙin hukuma. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutane sama da miliyan 200, kuma ana ta rasa su zuwa ƙasashen waje. A Kano akwai asibitin Dawanau, akwai sashen ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, amma jiha ce mai ƙananan hukumomi 44. Mutumin Tudun Wada ko Doguwa da zai biya kuɗin motar mutum biyu duk wata don allura ɗaya, wata na uku zai gaji. A watan Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958 da muka gada daga Turawa, ta kuma tanadi haƙƙoƙin marasa lafiya da asusu na musamman. Dokar ta yi kyau a takarda. Abin da gida irin namu ke buƙata shi ne a horar da ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi na unguwa ya iya gane ciwon, ya yi allurar wata-wata, ya tura mai tsanani gaba, kuma maganin ya kasance a cikin tsarin taimakekeniyar lafiya ta jiha. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tsarin irin wannan horo tun 2008.

Malamai kuma a jawo su ciki, domin wurinsu mutane ke fara zuwa kuma za su ci gaba da zuwa. An taɓa gwadawa a ƙasar nan. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara ajiye marasa lafiya a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, kowa tare da ɗan uwansa, yana aiki kafaɗa da kafaɗa da masu maganin gargajiya. A 2020 mujallar likitanci ta Lancet ta buga binciken da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi, inda ma'aikatan lafiya ke zuwa wuraren masu maganin gargajiya da na addini suna ba da magani, kuma marasa lafiyar da aka yi wa haka sun fi sauran samun sauƙi. Me zai hana a yi a Kano? Mai ruƙiyyar da ya san alamomin nan ya ce "ku tafi asibiti, ku dawo mu ci gaba da karatu" ya fi tallar rediyo goma tasiri. Wanda kuma ya sa wa mara lafiya mari ko bulala, hukuma ta rufe wurinsa. Limamanmu sun yi huɗuba kan gwajin jini kafin aure har mutane suka karɓa, suka daina ɗora ciwon sikila a kan mayu. Wannan ma yana buƙatar mumbari.

Batun aure shi ne ya fi ɗaure mana kai, tunda saboda shi muka yi ɓoyon tun farko. Ƙannenmu biyu sun yi aure, kuma duka gidajen sun san halin Auta kafin a ɗaura. Gida ɗaya ne ya ja da baya tun a matakin tambaya, ya yi mana ciwo, ya wuce. Ra'ayina shi ne idan mai ciwon zai yi aure a faɗa wa ɗaya ɓangaren gaskiya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yarinyar da aka kai gidan miji aka ɓoye maganinta a ƙasan akwati, ta daina sha don kada ya gani, ƙarshenta saki ne da tonon asirin da ya fi wanda aka guda. Maganar da ake yi kuma cewa "a yi masa aure zai warke" ba ta da tushe, ɗora wa 'yar mutane jinya ne ba da saninta ba.

Mutane suna tsoron masu wannan ciwo, suna ganin kowane lokaci za su iya kai duka. Mafi yawansu ba sa taɓa kowa, su ne ma aka fi cuta: yara su jefe su, a yi wa matan cikinsu fyaɗe a kango, a dake su a kasuwa. Haɗarin da ya fi kusa da su a kansu yake, domin kusan 5 cikin 100 suna kashe kansu, sau da yawa a lokacin da hankali ya fara dawowa suka ga abin da suka rasa. Idan ɗan uwanka ya fara cewa ya gaji da duniya, kada a tsaya yi masa wa'azi kaɗai, a koma asibiti a ranar, kuma kada a bar shi shi kaɗai.

Yanzu Auta yana da teburinsa a kasuwa da yaro ɗaya da yake koya wa aiki. Hannunsa ba shi da saurin da, kuma hayaniya tana gajiyar da shi, don haka yakan tashi kafin magariba. Na tambaye shi ko muryoyin sun tafi gaba ɗaya, ya ce wani lokaci suna nan can nesa, kamar rediyon maƙwabta, amma ya san ko su waye yanzu, ba ya amsa musu. Da izininsa na rubuta wannan. Ranar Litinin mai zuwa ce ranar allurarsa, shi ya sa wa kansa ƙararrawa a waya, ni nawa kai shi ne a babur. Ko a watan Afrilu da zafin Kano ke kan ganiyarsa ba ya fita sai da safa, saboda tabon marin da ke ƙafarsa ta hagu.